Ɗan aƙida ko mai kai labari? Amsa ga mai riƙe da katin jam'iyyar Leba ta Birtaniya

Wani ƙanena da ke aikin jinya a Birmingham ya yanki katin jam'iyyar Leba ta Birtaniya. Yana biyan kuɗin wata-wata, yana kuma zuwa taron reshen unguwarsu duk ranar da aiki ya bar shi. Kwanakin baya ya kira ni da tambayar da ta fi ƙarfin amsar waya. Ya ce, "Yaya, duk ranar da aka buɗe takarar shugabancin jam'iyyar nan, komai yawan sunayen da ke kan takarda mutum biyu ne za a kawo mana. Akwai wanda bakinsa ya zo daidai da zuciyarmu, akwai kuma wanda manya suka ce shi ne zai kai labari a babban zaɓe. Wanne zan dangwala wa?" Na ce ya ba ni lokaci in rubuto masa, don ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba. 'Yan Najeriya da Ghana da Kamaru da ke zaune a Birtaniya da izini suna da damar kaɗa ƙuri'a a babban zaɓe, saboda ƙasashensu na cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. Wanda kuma ya shiga jam'iyya yana da hannu wajen zaɓen mutumin da ka iya zama firaminista.

Sai mu fara da ƙa'idar wasan, don wanda bai san ta ba alƙaluman da ke tafe za su ruɗe shi. A Birtaniya ba a zaɓen firaminista kai tsaye. An raba ƙasar zuwa mazaɓu 650, kowacce tana tura mutum ɗaya majalisa, kuma wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓar shi ya ci, ko da guda ɗaya ya ɗara. Jam'iyyar da ta haɗa kujeru 326 ita ke kafa gwamnati ita kaɗai, shugabanta ya zama firaminista. Saboda haka ƙuri'a 20,000 da kuka ƙara a mazaɓar da dama taku ce ba ta ƙara muku komai ba, amma 500 a inda ake kankankan tana iya kawo kujera. Ƙanena, riƙe wannan da kyau, shi ne rabin maganar.

Jam'iyyar ta gwada kowane irin shugaba cikin shekara goma, don haka ba sai mun yi hasashe ba. Mutum biyu sun ishe mu awo: Jeremy Corbyn da Keir Starmer.

Corbyn yana wakiltar Islington ta Arewa a Landan tun 1983. Bai taɓa riƙe muƙamin minista ba. Ya shafe sama da shekara 30 a kujerun baya, ya bijire wa umarnin jam'iyyarsa sau ɗaruruwa, ya yi adawa da yaƙin Iraƙi na 2003, an kuma taɓa kama shi a 1984 yana zanga-zangar ƙin wariyar launin fata a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu. Da shugaban jam'iyyar na lokacin, Ed Miliband, ya sha kaye a babban zaɓen 2015 ya sauka, ɗan takara na buƙatar sa hannun 'yan majalisa 35 kafin sunansa ya hau takarda. Corbyn ya samu 36, ana dab da rufe ƙofa, kuma wasu daga cikin masu sa hannun aron sunansu suka ba shi don a faɗaɗa muhawara, ba su da niyyar zaɓensa. Abokan karawarsa uku, Andy Burnham da Yvette Cooper da Liz Kendall, duk hajarsu ɗaya ce: mu ne za mu iya cin zaɓe, shi ba zai iya ba. Sai ga wani ƙuduri na rage tallafin marasa galihu ya zo majalisa a watan Yulin shekarar. Shugabar riƙo Harriet Harman ta ce a ƙaurace wa ƙuri'ar. 'Yan majalisa 48 suka ƙi bin umarnin, kuma cikin masu takarar huɗu Corbyn kaɗai ne a cikinsu. Ranar 12 ga Satumba ya lashe da kashi 59.5 cikin 100 tun a zagayen farko. Burnham ya samu 19, Cooper 17, Kendall 4.5.

Starmer wani nau'i ne daban. Lauya ne, ya shugabanci hukumar gabatar da ƙararraki ta Ingila da Wales daga 2008 zuwa 2013, bai shiga majalisa ba sai 2015. A watan Afrilun 2020 ya ci shugabancin jam'iyyar da kashi 56.2, Rebecca Long-Bailey da ɓangaren Corbyn ya tsayar ta samu 27.6, Lisa Nandy 16.2. Abin da mutane ke mantawa shi ne bai ci da sunan zai rushe ginin Corbyn ba. Alƙawura goma ya rubuta ya sa hannu: mayar da jiragen ƙasa da gidan waya da wuta da ruwa hannun al'umma, soke kuɗin makarantar jami'a, ƙara haraji kan kashi 5 mafi samun kuɗi, kare haƙƙin baƙi, da sauransu. Saƙonsa ga membobi shi ne za su samu manufofin da suke so a bakin mutumin da jaridu ba za su iya yaga ba.

To me akwatunan zaɓe suka ce?

A 2017 firaminista Theresa May ta kira zaɓe tun wa'adi bai cika ba, lokacin da ƙuri'un jin ra'ayi ke nuna ta ba Leba tazarar wajen maki 20. Kusan duk masu sharhi sun gama yi wa Corbyn jana'iza. Da aka ƙirga, Leba ta samu kashi 40 cikin 100, ƙuri'a kusan miliyan 12.9, kujeru 262. Tun 1945 jam'iyyar ba ta taɓa ƙara kaso mai yawa haka daga wani zaɓe zuwa na gaba ba. Ta ƙwace Canterbury, wadda ba ta taɓa ci ba, ta ɗauki Kensington ta masu hannu da shuni da ratar ƙuri'a 20. May ta rasa rinjaye, sai da ta jingina da kujeru 10 na jam'iyyar DUP ta Ireland ta Arewa. Amma May ce ta koma gidan gwamnati, don jam'iyyarta ta Conservative ta samu sama da kashi 42 da kujeru 317. A Disamban 2019 kuwa rufin ya rufta: kashi 32.1, ƙuri'a miliyan 10.3, kujeru 202, mafi ƙaranci tun 1935. Boris Johnson na Conservative ya kwashi 365. Sedgefield, tsohuwar mazaɓar Tony Blair, ta tafi. Bolsover, inda tsohon mahaƙin kwal Dennis Skinner ke zaune tun 1970, ita ma ta tafi.

A Yulin 2024 Starmer ya kai Leba ga kujeru 411. Amma dubi abin da ke ƙarƙashin wannan tulin: kashi 33.7 ne kacal, ƙuri'a miliyan 9.7. Wato mutanen da suka zaɓi Leba ranar da ta yi zarra ba su kai waɗanda suka zaɓe ta ranar da ta sha kayen 2019 ba, kuma sun gaza na 2017 da sama da miliyan 3. Masu fita zaɓe ma sun ragu zuwa wajen kashi 60.

A nan kowane ɓangare ke ɗaukar lambar da ta yi masa daɗi ya rufe ido ga sauran. 'Yan Corbyn su ce kashi 40 ya fi 33.7. 'Yan Starmer su ce 411 ta fi 262. Duka biyun gaskiya suka faɗa, amma ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ba zan ɓoye maka ba: kujeru ne ke yin doka. Ƙuri'un Corbyn sun taru ne a manyan birane da garuruwan jami'a, inda Leba ke ci ko da wa ta tsayar. Ya kuma tsorata wani rukuni na masu zaɓe har suka dunƙule a bayan Conservative don kada ya hau, shi ya sa ita ma kasonta ya haura 42 a 2017, ya kai 43.6 a 2019. Starmer ya yi akasin haka da gangan. Ya yarda ya yi asarar ƙuri'u a mazaɓun da ba sa cikin haɗari, ya bi ƙananan garuruwa da Scotland, inda Leba ta tashi daga kujera 1 zuwa 37. Ya kuma zama mutumin da ba ya ba kowa tsoro, har mai zaɓen Conservative ya ji ba komai idan ya zauna a gida ko ya koma wata jam'iyyar. Wannan dabara ce ta gaske, kada wani ya ce maka sa'a ce zalla.

Sai dai sa'ar ma tana da kaso babba. Kafin 2024 Conservative ta riga ta cinye kanta: shagulgulan da aka yi a fadar firaminista lokacin kullen korona, kwana 49 na Liz Truss a kujerar firaminista da kasafinta da ya ɗaga kuɗin ruwan bashin gidaje, tsadar rayuwa, dogayen layukan asibiti. Ta faɗo zuwa kashi 23.7 da kujeru 121. Jam'iyyar Reform ta Nigel Farage ta yanki kashi 14.3, akasari daga jikinta. A 2019 Farage janye 'yan takararsa ya yi daga mazaɓun da Conservative ke riƙe da su, a 2024 kuwa ya tsaya mata a wuya ko'ina. A Scotland jam'iyyar SNP ta faɗa rikicin cikin gida ta zube daga 48 zuwa 9. Faɗuwar wani tashin wani. Starmer ɗin nan dai shi ne a Mayun 2021 ya rasa Hartlepool a zaɓen cike gurbi, mazaɓar da Corbyn ya riƙe sau biyu. Abin da nake so ka ɗauka shi ne iya cin zaɓe ba tambari ba ne a goshin ɗan takara. Ya danganta da wa yake karawa da shi, a wace shekara, a kuma waɗanne mazaɓu. Duk wanda ya ce maka wane ne kaɗai zai ci, tambaye shi: a ina, da ƙuri'ar su wa?

Ma'auni na biyu shi ne wanda masoya Corbyn ba sa son a taɓo, ni kuwa a ganina shi ya fi komai kayar da shi. Shugaban Leba a majalisa yake aiki, da 'yan majalisa yake kafa gwamnati. A Yunin 2016, wata tara da hawansa, suka kaɗa masa ƙuri'ar yanke ƙauna 172 da 40. Membobi suka sake zaɓensa da kashi 61.8 a kan Owen Smith. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Daga nan mai zaɓe na gari ya riƙa ganin 'yan majalisar jam'iyya a talabijin suna cewa shugabansu bai cancanta ba, ya ce to ni me zai sa in ba shi ƙasa? Laifin ba na Corbyn kaɗai ba ne. Rahoton da lauya Martin Forde ya fitar a 2022 ya nuna yadda ƙiyayyar ɓangaranci ta yi katutu a hedikwatar jam'iyyar, da yadda ɓangarorin biyu suka mayar da batun ƙin jinin Yahudawa makamin faɗa. Amma ko laifin waye, sakamakon ɗaya ne. Wanda ya san tarihin siyasar Arewa zai tuna Balarabe Musa na PRP, da ya ci gwamnan Kaduna a 1979 alhali NPN ce ke da rinjaye a majalisar jiha. Ba a bar shi ya naɗa kwamishinoni ba har aka tsige shi a 1981. Tsarin ba ɗaya ba ne, su 'yan adawa ne suka tare shi, Corbyn kuwa 'yan gida. Amma gaskiyar mutum da tsabtar hannunsa ba su isa ba idan zauren da zai yi aiki a cikinsa ya juya masa baya.

Akwai kuma raunukan da nasa ne shi kaɗai. Lokacin harin guba na Salisbury a 2018 ya yi ta jan ƙafa wajen ɗora wa Rasha alhaki, abin da ya sa dattawan garuruwan ma'aikata, waɗanda 'ya'yansu ke aikin soja, suka daina ganinsa a matsayin mai iya tsare ƙasa. Koke-koken ƙin jinin Yahudawa a cikin jam'iyya bai magance su da wuri ba, har hukumar kare daidaito da haƙƙin ɗan'adam ta yanke a Oktoban 2020 cewa jam'iyyar ta karya doka. Ina faɗin wannan a matsayin wanda ke tare da Falasɗinawa ba tare da wani sharaɗi ba: kare haƙƙin Falasɗinawa daban, barin ɗan jam'iyya Bayahude ya ji ba shi da wurin zama daban, kuma shugaba na gari dole ya iya raba su da sauri. A kundin manufofin 2017 an bayyana inda kuɗin zai fito. Na 2019 ya zama kasuwa: intanet kyauta, mako mai kwana huɗu na aiki, sannan alƙawarin biyan diyyar fansho ta fam biliyan 58 da aka ƙara bayan an riga an buga kundin. Ɗaya bayan ɗaya mutane na son yawancinsu. A dunƙule kuwa ba su yarda za a iya ba.

Batun ficewa daga Tarayyar Turai shi ne ramin da babu shugaban da zai tsallake shi cikin sauƙi. Mafi yawan masu zaɓen Leba sun so a zauna, amma mafi yawan mazaɓun da take riƙe da su sun zaɓi ficewa a ƙuri'ar raba gardama ta 2016. A 2017 jam'iyyar ta ce ta karɓi hukuncin jama'a. A 2019 ta ce za a sake ƙuri'ar, Corbyn ya ce shi zai tsaya a tsakiya. Kusan duk kujerun da Conservative ta ƙwace mata na masu son ficewa ne. Wanda kuwa ke riƙe da wannan fanni a jam'iyyar, wanda ya fi kowa tura ta ga sake ƙuri'ar, shi ne Keir Starmer. Cikin 'yan takarar 2020 Lisa Nandy, mai wakiltar Wigan, ita ce ta daɗe tana gargaɗin cewa ƙananan garuruwa na zamewa, ta kuma yi adawa da sake ƙuri'ar. Ita ta zo ta uku. Ni a ganina ita ta fi kowa karanta dalilin kayen, kuma wannan ya kamata ya sa ka yi shakkar maganarka ta cewa mutum biyu ne kawai a kan takarda.

Yanzu ma'auni na uku, wanda ya fi shafarka kai da kake tashi da asuba zuwa asibiti: idan an ci, me za a yi da mulkin?

Adalci ya sa in fara da abin da gwamnatin Starmer ta yi wanda jam'iyyar da ke adawa ba za ta taɓa iya yi ba, komai kyawun kundinta. Ta kawo ƙarshen yajin aikin ƙananan likitoci na lokacin da ƙarin albashi. Ta soke shirin kai masu neman mafaka Ruwanda a makonta na farko. Ta yi dokar mayar da kamfanonin jiragen ƙasa hannun gwamnati, aka fara da South Western Railway a Mayun 2025. Ta gabatar da dokar ƙara haƙƙin ma'aikata. Ta amince da ƙasar Falasɗinu a Satumban 2025. Haka Blair, wanda masu ra'ayin sauyi ba sa son jin sunansa, shi ya kawo mafi ƙarancin albashi a 1999 kan fam 3.60 a awa, ya zuba kuɗi a asibitoci da makarantu, aka kuma ƙulla yarjejeniyar zaman lafiyar Ireland ta Arewa a 1998 a zamaninsa. Kundin 2017 ya fi duk waɗannan daɗin karantawa, amma ko ma'aikaci ɗaya bai ƙara wa kwabo ba, tunda ba a kai ga aiwatar da shi ba.

Ga kuma ɗaya fuskar. Alƙawuran nan goma, ɗaya bayan ɗaya aka zubar da manyansu. Soke kuɗin jami'a ya tafi. Mayar da wuta da ruwa hannun al'umma ya tafi. Ƙarin harajin kashi 5 na sama ya tafi. Shirin zuba fam biliyan 28 duk shekara a makamashi mai tsabta an janye shi a Fabrairun 2024. Makonni kaɗan da hawa mulki aka dakatar da 'yan majalisar Leba bakwai, ciki har da Long-Bailey da John McDonnell, don sun goyi bayan cire ƙa'idar da ta taƙaita tallafi ga 'ya'ya biyu kawai, ƙa'idar da gwamnatin da kanta ta sanar da sokewa a kasafin Nuwamban 2025. An yanke tallafin ɗumama ɗaki ga miliyoyin tsofaffi, aka dawo da yawancinsa bayan shekara da aka ga fushin jama'a. A Fabrairun 2025 aka sanar da rage kuɗin agajin ƙasashen waje daga kashi 0.5 zuwa 0.3 na kuɗin shigar ƙasa, kuma wannan kuɗi ne da wani ɓangarensa ke zuwa asibitoci da makarantu da sansanonin 'yan gudun hijira a irin ƙasashenmu. A Mayun shekarar aka fito da shirin tsawaita jiran izinin zama na dindindin daga shekara 5 zuwa 10, da rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga waje. Kai da abokan aikinka kun fi ni sanin abin da wannan ke nufi. Maganar da Starmer ya yi a gidan rediyon LBC a Oktoban 2023, da aka fahimta a matsayin amincewa da yanke wa Gaza ruwa da wuta, ya ce daga baya ba haka yake nufi ba, amma ta riga ta shiga zukata. A zaɓen 2024 'yan takara masu zaman kansu sun kayar da Leba a Leicester ta Kudu da Blackburn da Dewsbury da Batley da Perry Barr ta nan Birmingham ɗinku. Corbyn ma ya riƙe kujerarsa ba tare da jam'iyya ba. Wes Streeting, wanda Starmer ya naɗa ministan lafiya bayan zaɓen, da ratar ƙuri'a 528 ya tsira. Shi kansa Starmer ƙuri'unsa a mazaɓarsa sun ragu da kusan rabi.

Wannan ba batun ɗabi'a kawai ba ne, ya koma batun cin zaɓen da aka fake da shi. Ginin da aka ɗora kan kashi 33.7 faɗi gare shi amma ba shi da zurfi. A Mayun 2025 Reform ta ƙwace Runcorn da Helsby da ratar ƙuri'a 6, a mazaɓar da Leba ta ci da sama da 14,000 wata goma kafin nan. Jam'iyyar da ta haura membobi 500,000 a zamanin Corbyn ta koma ƙasa da 400,000. Membobin nan su ne masu bin gida-gida cikin ruwan sama, kuma wanda aka yi wa baki biyu ba ya fita ƙwanƙwasa ƙofa.

Tarihin da ya fi wannan tsawo ma bai ba kowane ɓangare cikakkiyar gaskiya ba. Michael Foot, gwanin masu ra'ayin sauyi, ya kai jam'iyyar ga kashi 27.6 da kujeru 209 a 1983. Neil Kinnock ya ja ta zuwa tsakiya, ya kori 'yan ga-ni-kashe-ni, ya kuma faɗi sau biyu, 1987 da 1992. Gordon Brown ya faɗi a 2010 da kashi 29, Miliband a 2015 da 30.4. Blair ya ci sau uku, amma daga ƙuri'a miliyan 13.5 a 1997 ya sauko zuwa 9.5 a 2005. Shugabanni huɗu ne kacal suka taɓa kawo wa Leba rinjaye a majalisa: Clement Attlee, Harold Wilson, Blair da Starmer. Wilson shi ya fi jan hankalina. Ya yi murabus daga gwamnati a 1951 tare da Aneurin Bevan, uban hukumar lafiya ta NHS da kake wa aiki, a kan sanya wa marasa lafiya kuɗin tabarau da haƙoran roba. Da ƙuri'un masu ra'ayin sauyi ya ci shugabanci a 1963. Amma ya iya magana da mai shago da injiniya da malamin makaranta, ya iya riƙe ɓangarori masu gaba da juna a ɗaki ɗaya, ya kuma kafa gwamnati bayan zaɓe huɗu cikin biyar da ya jagoranta.

To ga amsata, ƙanena. Idan aka matse ni tsakanin ɗan aƙidar da kashi huɗu cikin biyar na 'yan majalisarsa ba sa so, da wanda zai iya haɗa kansu, na biyun zan zaɓa, ko da zuciyata tana wajen na farkon. Shekara 14 da Conservative ta yi tana mulki, daga 2010 zuwa 2024, talakawa ne suka biya kuɗinta, ba 'yan siyasar da suka faɗi zaɓe da mutuncinsu ba. Amma ba zan ƙara ba wa kowa ƙuri'a don kawai ya ce shi ne mai cin zaɓe ba. Burnham da Cooper da Kendall sun faɗi haka, ba su iya cin ko zaɓen gida ba. Zan duba ko abin da ɗan takara ke faɗa wa membobi a zauren taro shi ne yake faɗa wa jaridar da ba ta ƙaunarsa a makon. Zan fi yarda da mai alƙawari uku da ya faɗi inda kuɗinsu zai fito a kan mai goma da ya yi daidai da duk abin da muke son ji. Zan kuma duba su waye ke bayansa. Wanda ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Starmer a 2020, Morgan McSweeney, daga ƙungiyar Labour Together ya fito, wadda hukumar zaɓe ta ci tarar fam 14,250 a 2021 saboda rashin bayyana gudummawar sama da fam 700,000 a kan lokaci. Da membobi sun kalli masu riƙe da linzami kamar yadda suka kalli takardar alƙawuran, da sun fi sanin inda dokin zai nufa.

Saura yadda za ka yi amfani da takardar kanta. Ba dangwale ɗaya ake yi ba, jerawa ake yi: na ɗaya, na biyu, na uku. Idan babu wanda ya haura rabi, sai a cire na ƙarshe a raba ƙuri'unsa bisa zaɓi na biyu. Da haka Ed Miliband ya wuce yayansa David a 2010, kashi 50.65 da 49.35, bayan David ya kasance a gaba a duk zagayen da suka gabata. Don haka ba asara ba ce ka ba wanda ka fi yarda da shi lamba ɗaya ko da ba a ganin zai ci, muddin ka yi tunani sosai kan lamba biyu.

Amma tacewar gaske tana faruwa ne tun kafin takarda ta iso gidanka. A 2021 aka ɗaga ƙa'idar sa hannun 'yan majalisa zuwa kashi 20, aka kuma soke tsarin magoya baya masu biyan kuɗi kaɗan su yi zaɓe, irin fam 3 ɗin 2015. A takarar mataimakin shugaba ta 2025 wannan ya zama sa hannu 80. Bell Ribeiro-Addy, wadda ɓangaren masu ra'ayin sauyi ya tsayar, ba ta kai ba, sai aka bar membobi da Lucy Powell da Bridget Phillipson, Powell ta ci. Bayan 'yan majalisa, ɗan takara na buƙatar goyon bayan kashi 5 na rassan mazaɓu, ko na ƙungiyoyi uku masu alaƙa da jam'iyya, biyu daga cikinsu na ƙwadago. Ana kuma buƙatar ka cika wata shida da zama memba kafin ka yi zaɓe, don haka kada ka bari kuɗin watanka ya yanke. Ranar da aka buɗe takara, rubuta wa ɗan majalisarku tun a makon farko ka gaya masa sunan da kake so ya sa wa hannu. Ranar da reshenku zai zauna tsayar da gwani kuma, nemi wanda zai canje ka a wurin aiki ka je.